Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Oksfod Ko Kambirij?

Duk ɗalibin da ke nufin neman digiri na farko a ƙasar Birtaniya, ƙofa ɗaya ce zai bi, watau ofishin nan da ake kira UCAS, wanda ke karɓar takardun masu neman shiga ya rarraba wa jami'o'i. A cikin takarda ɗaya an yarje masa ya rubuta zaɓi har guda biyar. In ya ga dama ya haɗa Landan da Mancesta da Edinbara da duk inda ransa ya kwanta, babu mai hana shi. Amma akwai doka guda wadda ta daɗe tana hana yara da iyayensu barci, ita ce ba a haɗa Jami'ar Oksfod da Jami'ar Kambirij a takarda ɗaya cikin shekara ɗaya. Tilas ɗalibi ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, kuma lalle ya gama shawara kafin ranar 15 ga watan Oktoba ta wuce, watau kusan shekara guda kafin ya sa ƙafa cikin aji, alhali kuwa yawancin sauran jami'o'in ƙasar suna jira har watan Janairu.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, zaɓin yana zuwa ne tun kafin ɗayansu ta ce ta yarda da shi. A Amurka yaro na iya neman Harvard da Yale da Stanford gaba ɗaya, in ya yi sa'a biyu suka karɓe shi, sa'an nan ya zauna ya auna, yana da har ranar 1 ga watan Mayu kafin ya ba da amsa. A Ingila kuwa sai an zaɓa tukuna a nema. Wanda ya taɓa cike fom ɗin JAMB a nan gida ya ɗanɗani irin wannan, domin ya san babbar jami'a ba ta cika waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu ba. To, tsakanin waɗannan biyu ko zaɓi na biyun ma babu. Ɗan shekara 17 da ya kuskure ƙofa, sai ya haƙura ya tafi wata jami'ar, ko kuwa ya jira baɗi.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Kowacce daga cikinsu tana samun masu nema fiye da 20,000 a shekara, kuma kowacce tana son malamanta su gana da masu neman su ji bakinsu kafin a ɗauke su. Da an bar ƙofar a buɗe, da kusan kowa ya nemi duka biyun, aikin ya ninka, ganawar ta gagara.

Uwa da 'ya

Asalin gidajen biyu ɗaya ne. An san ana karantarwa a Oksfod tun wajen shekarar 1096, kuma ta bunƙasa bayan 1167, sa'ad da Sarki Henry na Biyu ya hana ɗaliban Ingila zuwa karatu Faris. A cikin 1209 aka yi wata tarzoma tsakanin mutanen gari da masu karatu a kan kisan wata mace, har mutanen gari suka rataye waɗansu daga cikin ɗalibai. Malamai da almajiransu suka watse, waɗansu suka yada zango a wani ƙaramin gari na gabas mai fadama, suka ci gaba da karatu a can. Wannan shi ne mafarin Kambirij. Tun daga ran nan uwa da 'ya suke kishi. Kambirij ta kafa kujerar shehun malamin Larabci a 1632, Oksfod ta kafa tata a 1636. Tun 1829 suke tseren kwalekwale a kogin Thames, waɗannan da shuɗi mai duhu, waɗancan da shuɗi mai haske. Har harshenmu ma kishin bai bari ba: ƙamus ɗin Hausa na Robinson, wanda ya koyar da Hausa a Kambirij, maɗaba'ar Kambirij ce ta buga shi a 1899 da 1900, babban ƙamus na Bargery kuwa maɗaba'ar Oksfod ce ta fitar da shi a 1934.

Duk da wannan kishi, in mutum ya dubi yadda ake zama da yadda ake karatu, sai ya ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kowacce tarin kwalejoji ce masu cin gashin kansu: Kambirij tana da 31, Oksfod ma tana da fiye da 30. Kwaleji ita ce gidan ɗalibi, a nan yake kwana, a nan yake cin abinci, ita ce kuma ke ɗaukarsa tun da fari. Jami'a kuwa ita ke shirya lacca da ɗakunan gwaje-gwaje, ta yi jarrabawa, ta ba da digiri. Zangon karatu uku ne a shekara, kowane mako takwas kacal, saboda haka aikin a cunkushe yake ƙwarai.

Abin da suka fi alfahari da shi kuwa wani irin karatu ne da ba baƙo ba ne ga wanda ya san karatun zaure. Sau ɗaya ko sau biyu a mako ɗalibi zai je gaban malaminsa, shi kaɗai ko su biyu ko uku, ya kawo maƙalar da ya rubuta ko lissafin da ya warware, su yi awa guda malam yana tambaya yana ƙure shi. Babu kujerar baya da za a ɓuya. Wanda bai yi karatu ba, cikin minti biyar asirinsa ya tonu. Oksfod na kiran wannan zama da wani suna, Kambirij na kiransa da wani, amma abu ɗaya ne, kuma shi ne ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ɗayarsu ta fi ɗaya iya koyarwa, tambaye shi a ina ya yi karatu, za ka gane inda maganar ta fito.

Inda hanya ta rabu

Bambancin gaskiya yana cikin fannin da za a karanta, kuma a nan ne ya kamata ɗalibi ya ɓata mafi yawan lokacinsa. A Ingila ba a shiga jami'a sa'an nan a yi ta yawo tsakanin fannoni kamar yadda ake yi a Amurka. Fanni ake nema, a kansa za a yi maka tambayoyi, shi kuma za ka ci ka sha har shekara uku ko huɗu.

Mu ɗauki kimiyya, alal misali. Yaron da ya je Oksfod dole ya faɗa tun daga takardar nema ko fiziks yake so, ko kemistiri, ko ilmin halittu, ko ilmin duwatsu da ma'adinai, domin kowanne digiri ne mai zaman kansa. Mai karanta kemistiri a can shekara huɗu zai yi, ta huɗun kuma gaba ɗaya a ɗakin bincike zai yi ta. A Kambirij kuwa babu wannan rarrabewa a farko. Duk an tattara su cikin kwas ɗaya na kimiyyar halitta, wanda aka fara tun 1851. A shekarar farko ɗalibi zai ɗauki fannoni uku na kimiyya tare da lissafi, a ta biyu ya rage, sai a ta uku ya tsaya a kan guda. Ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga da nufin fiziks ya fito masanin duwatsu. To, wanne ya fi? Ya danganta da yaron. Wanda ya riga ya san fiziks ne ransa, kuma ganin ganye da ƙwari a madubin bincike ɓata masa lokaci ne, Oksfod ta fi dacewa da shi. Wanda har yanzu zuciyarsa ke rawa tsakanin fannoni biyu ko uku, Kambirij ta ba shi shekara guda ko biyu ya ƙara tunani, wannan kuwa ba ƙaramar kyauta ba ce ga ɗan shekara 18.

A ɓangaren tattalin arziki sai abin ya juye. Kambirij tana koyar da ilmin tattalin arziki tsantsarsa, da lissafi mai yawa a ciki. Oksfod ba ta ba da shi shi kaɗai ga mai digirin farko, sai an gama shi da wani abu: ko da ilmin gudanar da kamfani, ko da tarihi, ko kuwa cikin shahararren kwas ɗin nan da ake taƙaita sunansa da PPE, watau falsafa da siyasa da tattalin arziki, wanda aka fara a 1920. Wannan kwas babu shi a Kambirij. Abin da ya yi kusa da shi a can shi ne wani da ya haɗa siyasa da nazarin zaman jama'a da al'adunsu, amma babu falsafa da tattalin arziki a matsayin ginshiƙansa. Haka nan Oksfod ta fi son aurar da fannoni biyu, kamar lissafi da falsafa, ko fiziks da falsafa, ko ilmin kwamfuta da falsafa. Mai son zanen gine-gine, ko ilmin koyarwa, ko kwas ɗin da ya haɗa shari'a da tattalin arziki da sha'anin filaye, shi ba ya da wata shawara, Kambirij kaɗai ke da su a matakin digirin farko. Mai son koyon zane da sassaƙa da hannunsa kuwa sai Oksfod.

Akwai kuma bambanci a yadda ake jarrabawa, wanda yara ba su cika kula da shi ba sai sun shiga. A Kambirij an kasa digiri kashi-kashi, kusan kowace shekara akwai babbar jarrabawa, kuma da yardar kwaleji mutum na iya sauya fanni bayan ya gama kashi na farko. A Oksfod, musamman a fannonin da ba na kimiyya ba, ana yin jarrabawa a shekarar farko wadda ba ta shiga lissafin digiri, sa'an nan mafi yawan nauyin ya taru a 'yan makonnin ƙarshe na shekarar ƙarshe, a shiga zauren jarrabawa cikin baƙar riga ta al'ada. Akwai ɗalibin da wannan tsari ke ba shi sararin yin karatu mai zurfi ba tare da fargabar jarrabawa kullum ba, akwai kuma wanda tara masa kaya wuri ɗaya ke karya shi. Kowa ya san halinsa.

Wani abin lura shi ne, bayanin da ɗalibi ke rubutawa game da kansa a takardar UCAS guda ɗaya ne, shi za a aika wa dukan jami'o'i biyar ɗin da ya zaɓa. Ke nan wanda ya nemi PPE a Oksfod sai ya nemo waɗansu huɗu masu kama da shi, in ba haka ba bayanin ya zama ba ya nan ba ya can.

Ƙofa biyu, mashigi dabam

A 'yan shekarun nan Oksfod kan sami masu nema fiye da 23,000 a kan gurabe kimanin 3,300, watau wajen mutum ɗaya cikin bakwai ke shiga. Kambirij kan sami kimanin 22,000 a kan gurabe wajen 3,600, watau ɗaya cikin shida. Kada wannan ɗan bambanci ya ruɗi kowa. Lissafin jimla ne, fanni kuwa kowanne da nasa. A Oksfod masu neman ilmin kwamfuta ko tattalin arziki da gudanarwa, ko ɗaya cikin goma ba ya shiga, alhali a fannin harsuna ko tsofaffin adabin Girka da Rum rabon ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi amfani ɗalibi ya sani shi ne inda kowacce ta kafa rariyarta. Oksfod tana tankaɗe da wuri. Tana duba sakamakon da yaro ya riga ya samu, da jarrabawar shiga da akan yi a watan Oktoba a fannoni da dama, sa'an nan ta kira ƙasa da rabin masu nema zuwa intabiyu a watan Disamba. Wanda ya tsallake, aka ba shi gurbi a watan Janairu, sharaɗin da za a ɗora masa a jarrabawar A Level yakan fara daga A uku a fannonin adabi da tarihi, ya hau zuwa A mai tauraro biyu da A guda a lissafi. Kambirij kuwa ta saba kiran mafi yawan masu nema, wajen kashi uku cikin huɗu, ta ji bakinsu. Amma sharaɗinta ya fi tsauri: A mai tauraro guda da A biyu a mafi yawan fannonin adabi, A mai tauraro biyu da A guda a kimiyya. Masu jarrabawar IB, Oksfod kan nemi maki 38 zuwa 40 cikin 45, Kambirij kuwa takan nemi fiye da 40.

Fannin lissafi ya fi kowanne fito da wannan bambanci fili. A Kambirij samun takardar gurbi a watan Janairu rabin tafiya ne kawai. Akwai wata jarrabawa mai suna STEP da ake yi a watan Yuni, mai wuyar gaske, kuma jami'ar kan ba da takardun gurbi kusan ninki biyu na kujerun da take da su, domin ta san wajen rabi za su faɗi a nan. Yaro ya yi wata bakwai yana murna, sai watan Agusta sakamako ya fito a ce masa a'a. A Oksfod wahalar tana gaba, kafin intabiyu, wanda ya sami gurbi kuwa galibi yakan shiga. Saboda haka yaron da ya riga ya nuna, wanda takardunsa na baya suka yi kyau, kuma ya iya jarrabawar gaggawa tun farkon shekarar ƙarshe ta sakandare, ƙofar Oksfod ta yi masa daidai. Wanda kuwa ya makara wajen nuna, amma yana ta hauhawa, ya kuma san bakinsa da allo za su fi takardunsa na baya yi masa shaida, ya fi samun damar a saurare shi a Kambirij, in dai ya yarda zai ɗauki nauyin sharaɗin ƙarshe. A fannin shari'a da na likitanci jarrabawar shigarsu ɗaya ce, LNAT ga masu shari'a, UCAT ga masu likitanci tun daga 2024. A sauran fannoni sunayen jarrabawar da tsarinsu sun sha canzawa a 'yan shekarun nan, don haka kada ɗalibi ya dogara da abin da wansa ya gaya masa, ya duba na shekararsa.

Shi kansa intabiyun, a duk wuraren biyu, ba a tambayar ɗan wane ne kai, ko ƙungiya nawa ka shugabanta a makaranta. Matsala ce za a ajiye maka wadda ba ka taɓa gani ba, a ga yadda za ka yi da ita, a kuma ga ko kana jin gyara in an nuna maka hanya. Watau gwaji ne na wancan zama na gaban malam.

Batun kwaleji kuwa, wanda yara kan yi makonni suna ta saƙawa da kwancewa a kansa, bai kai yadda ake ɗaukarsa ba. Mutum na iya ƙin zaɓen kwaleji ya bar jami'a ta zaɓa masa. A Oksfod wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ɗauka, wata kwaleji ce dabam da wadda suka nema ta ɗauke su. A Kambirij ma akan zuba takardun waɗanda suka cancanta amma kwalejinsu ta cika cikin wani tafki a watan Janairu, sauran kwalejoji su zo su tsamo. Sai dai akwai abu guda da iyayen 'ya'ya mata za su so su sani: a Kambirij akwai kwalejoji biyu na mata zalla, Newnham da Murray Edwards, a Oksfod kuwa ta ƙarshe irin wannan, St Hilda's, ta fara karɓar maza a 2008. Abin dariyar shi ne Oksfod ce ta riga ba mata digiri, a 1920, Kambirij ba ta yarda ba sai 1948.

Suna da kirari

An daɗe ana cewa Oksfod ta masu mulki ce, Kambirij ta masu kimiyya. Maganar tana da tushe. Daga saukar Stanley Baldwin a 1937 har zuwa zaɓen 2024 babu Firayim Ministan Birtaniya ko ɗaya da ya fito daga Kambirij, alhali Oksfod ta yi ta jero su. Harold Wilson da Edward Heath da David Cameron da Liz Truss da Rishi Sunak duk PPE suka karanta, haka nan John Kufuor na Ghana, da Benazir Bhutto da Imran Khan na Pakistan, da Malala Yousafzai wadda ta gama a 2020. Kambirij kuma ita ce gidan Isaac Newton da Charles Darwin da Alan Turing, kuma a ɗakin bincikenta na Cavendish ne Watson da Crick suka gano siffar ƙwayar gado ta DNA a 1953.

Amma kirari ba ya zama dalilin zaɓe. Margaret Thatcher kemistiri ta karanta a Oksfod. A Oksfod ne Florey da Chain suka mai da fenisilin magani a farkon shekarun 1940, a can aka haɗa rigakafin cutar korona na AstraZeneca a 2020, a can kuma aka haɗa rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Jawaharlal Nehru, Firayim Ministan Indiya na farko, kimiyya ya karanta a Kambirij ya koma gida ya yi mulki shekara 17. Bugu da ƙari, ƙofar da aka rufe wa mai digirin farko a buɗe take ga mai neman na gaba. Stephen Hawking ya fara a Oksfod ya ƙarasa a Kambirij. Manmohan Singh na Indiya ya fara a Kambirij ya ƙarasa a Oksfod.

Jerin martabar jami'o'i da jaridu ke bugawa kowace shekara ma ba ya raba wannan gardama. Mujallar Times Higher Education ta sa Oksfod a kan gaba a duniya shekara goma a jere, daga 2016 zuwa 2025. A cikin waɗannan shekaru kuma waɗansu masu jerin sun sha fifita Kambirij, har a watan Satumba na 2025 jaridar Times ta Landan ta ajiye su biyun tare a mataki na huɗu a cikin ƙasarsu. Kowane mai jeri da ma'auninsa, kuma mafi yawan abin da suke aunawa binciken manyan malamai ne, wanda ɗan shekarar farko ba ya ko jin ƙamshinsa. A ganina zaɓen jami'a a kan bambancin mataki ɗaya ko biyu a irin wannan jeri zaɓen tumun dare ne.

Garuruwan biyu kowanne tafiyar kimanin awa guda ce daga Landan a jirgin ƙasa. Oksfod ta ɗan fi girma da hayaniya, tana da masana'antar motoci a unguwar Cowley. Kambirij ta fi kama da garin da jami'a ta haɗiye, shimfiɗaɗɗiya, kowa bisa keke. Ɗalibi Musulmi ba zai rasa jam'i a ko'ina ba: an buɗe babban masallacin Kambirij a 2019, Oksfod kuma tana da masallatai da Cibiyar Nazarin Musulunci da aka kafa a 1985.

Ga namu ɗaliban

Ga yaron da ke karatu a Nijeriya ko Ghana, wannan shawara tana farawa ne shekara biyu kafin ranar 15 ga Oktoba. Babu ɗayarsu da ke karɓar takardar WAEC ita kaɗai, ko da A ce daga sama har ƙasa. Sai an ƙara da A Level ko IB ko makamancinsu, kuma fannonin da yaro ya ɗauka a nan su ne za su buɗe masa ƙofa ko su rufe. Mai son injiniya ko tattalin arziki da bai ɗauki lissafi mai zurfi ba ya riga ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba. Mai son likitanci kuma ya san cewa gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade yawan baƙi a wannan fanni: Oksfod ba ta wuce mutum 14 a shekara daga duk duniya, Kambirij kuwa kimanin 20.

Sa'an nan ga maganar kuɗi, inda sau da yawa linzami kan fi ƙarfin bakin kaza. A shekarar karatu ta 2025/26 ɗan ƙasa yana biyan fam 9,535. Baƙo kuwa, a Oksfod, daga kimanin fam 35,000 zuwa kusan fam 60,000 a shekara, gwargwadon fanni. A Kambirij daga kimanin fam 27,000 zuwa fam 70,000 na likitanci. A nan akwai tarko ga mahaifin da ya kwatanta lambobin farko kawai ya ce Kambirij ta fi araha: a can akwai kuɗin kwaleji dabam, wanda ya haura fam 10,000 a shekara, a Oksfod kuwa an riga an haɗa shi cikin jimla. In aka ƙara ci da sha da wurin kwana, ko a fanni mafi sauƙin kuɗi shekara uku za su ci kusan fam 150,000 a ko'ina cikin biyun, watau wajen naira miliyan 300 a canjin 2025. Ba a kuma yarda mai digirin farko ya riƙa aikin neman kuɗi a lokacin zangon karatu ba, don haka kada a sa wannan cikin lissafi.

Mutane da yawa sun ji labarin sukolashif na Rhodes a Oksfod, wanda ya samo asali daga wasiyyar Cecil Rhodes ta 1902, da na Gates a Kambirij, wanda aka kafa a shekarar 2000, sai su ɗauka za su ɗauki nauyin yaro daga sakandare. Dukansu biyu na masu neman digiri na gaba ne. Ga mai digirin farko abin da ke akwai kaɗan ne: Oksfod tana da wani mai suna Reach don 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wanda mutum biyu ko uku kaɗai ke samu a shekara, a Kambirij kuwa mafi yawan taimakon da baƙo ke samu wani ɓangare ne na kuɗin, sauran yana wuyan iyaye. Saboda haka mahaifi ma'aikaci da ɗansa ya yi fice, yana da kyau a yi wannan lissafi a fili a gaban yaron tun kafin a cike takarda, domin samun gurbi a rasa kuɗin zuwa ya fi rashin samu ciwo.

Wannan ne ya sa mafi yawan mutanenmu da suka taka waɗannan gidaje ta ƙofar digiri na gaba suka shiga. Farfesa Iya Abubakar a Ibadan ya yi digirinsa na farko a lissafi, sa'an nan ya tafi Kambirij ya yi digirin digirgir, ya dawo Zariya ya koyar, har ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. A wannan mataki babu dokar ɗauki ɗaya bar ɗaya. Mai digiri mai kyau daga Kano ko Zariya ko Sakkwato yana iya neman duka biyun kai tsaye a shekara ɗaya, kuma a nan ne kuɗin taimako suka fi yawa.

Wanda kuwa ya ƙudura sai digirin farko, kuma yana da halin yi, to, ya ɗauko tsarin kwas ɗin da yake so na jami'o'in biyu ya karanta shekara bi shekara, takarda bi takarda, ya ga wanne ne zai iya tashi da asuba cikin sanyin Ingila dominsa. Ya nemo tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga ya gwada kansa da agogo. Sauran zaɓi huɗun nan kuma kada ya cike su da wasa, gama shida cikin bakwai a cikinsu za su ƙare. Ya kuma tuna rajistar jarrabawar shiga takan rufe ne makonni kafin 15 ga Oktoba, kuma cibiyoyin da ake zama a yi ta a Afirka ta Yamma ba su da yawa, kujerunsu kan cika da wuri.